Yadda muka kai tulun Mama situdiyo

Ranar Talata da la'asar matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, ke koyon waƙa a cocinmu da ke Agege, Legas, kuma tun Autarmu tana goye Mama ke zuwa da ita. Mama ce mai buga tulu. Ga wanda bai taɓa shiga sujadar Hausa ba, tulun nan na ƙasa ne irin na ɗiban ruwa, ana dukan bakinsa da soso mai kauri da aka ɗinke cikin tsumma, sai ya ba da wani amo mai zurfi wanda ƙirji ke riga kunne ji. Gefensa ga mai kacau-kacau, ga mai 'yar ganga, sannan mata reras cikin anko, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa. Cikin wannan amon yarinyar ta yi wayo. Tana da shekara shida ta haddace rabin Littafin Waƙoƙi ba tare da ta iya karanta ko layi ɗaya ba, in wata uwa ta manta baiti sai a ji 'yar murya daga ƙarƙashin benci ta tuna mata.

Babanmu soja ne, mutumin kudancin Bauchi, aiki ya kawo shi barikin Ikeja tun ba a haife ni ba. Da ya yi ritaya sai ya kama haya a Agege, inda Hausawa suka kafu tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa. Muna da yarenmu na gida, amma da Hausa muka tashi: ita ce ta bariki, ita ce ta kasuwa, ita ce ta addu'a. Mutane da yawa a Legas ba su san cewa coci-cocin da suka fito daga Arewa, irin su ECWA da COCIN, suna yin sujada da Hausa a cikin garin nan kowace Lahadi ba. Sojoji, 'yan sanda, masu gadi, teloli, 'yan acaba, malaman asibiti, daga Filato, Kaduna, Gombe, Adamawa, Taraba, kowa da yarensa, Hausa ce ke haɗa mu. Maƙwabtanmu kuwa yawanci Musulmi ne. Hajiyar da ke ɗakin kusa da namu tun Auta tana ƙarama take kiranta zabiyarmu, don in tana wanke-wanke a tsakar gida ba mai kunna rediyo.

Ni gyaran waya nake yi a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, ina kuma buga jita a coci. A watan Agusta na 2018 wani ya kawo mani waya gyara, ina gwada sifikarta sai na faɗa kan bidiyon Aretha Franklin, mawaƙiyar nan ta Amurka, lokacin labarin rasuwarta ya cika intanet. Da dare na nuna wa Auta. Ta kalla shiru har ƙarshe, ta ce in mayar, na mayar, sannan ta ce, "Yaya, ai wannan matar 'yar Zumunta ce." Ba ta yi kuskure ba. Mahaifin matar fasto ne a birnin Detroit, a cocinsa ta fara waƙa. Salon da Amurkawa ke kira sol daga coci-cocin baƙar fata ya fito a shekarun 1950 zuwa 1960, mutane irin su Sam Cooke sai da suka yi shekaru suna waƙar bishara kafin su fita da wannan murya waje. Ba da waƙa da amshi, tafi, jan murya kamar mai kuka da murna lokaci guda, duk abin da Auta ta tashi tana ji ne ran Talata, sai dai an ƙara masa fiyano. Daga ranar datata ta shiga uku. Ta dinga sauraro tana kwaikwayo a bayan gida, a bakin famfo, a hanyar makaranta.

Abin da ya fito da ita fili kuwa kullen korona ne. Ranar 30 ga Maris 2020 aka rufe Legas, coci-coci ma aka garƙame su har cikin Agusta. Tulun Mama yana kulle a ɗakin ajiya na coci. Wata Lahadi da safe muna zaune jugum, Baba ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta Zabura ta 121, Auta ta fara rera ta da wani kari da ta ƙirƙira, Mama ta jawo jarkar ruwa ta shiga bugawa da tafin hannu. Na ɗora waya a kan bokiti na ɗauka. Na tura a zauren WhatsApp na matasan cocinmu don kawai a samu abin yin sujada a gida. Kafin sati ya zagayo an turo mana ita daga Kafanchan, wanda ya turo bai ma san tamu ba ce. Sannan wani yaro soja da ke bakin daga a Borno, ɗan abokin aikin Baba, ya aiko da saƙon murya yana cewa da ita suke kwana. Baba ya saurari saƙon sau biyu, ya tashi ya shige ɗaki. Da ya fito ya ce mani, "Kai ne babba. In za a yi abin nan, a yi shi da kyau."

Na shiga adashi a kasuwa. Auta kuma ta samu koyarwa a wata makarantar yara, tana ajiye abin da ta iya. Sai ƙarshen 2021 muka tara kuɗin da za mu iya tunkarar situdiyo, kuma a nan na tafka kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Duk wanda na tambaya shawara a kasuwa cewa yake Legas ba ta jin Hausa, in ana son rediyo da manyan coci-coci sai da Turanci. Na yarda. Na matsa wa yarinyar ta rubuta waƙa da Turanci, ta ce mani bakinta bai sake da ita ba, na ce za ki saba. Muka je wani situdiyo, aka ɗora mata kiɗan kwamfuta irin wanda ake ɗora wa kowa, ta rera, aka gyara, aka ba mu. Ba wani aibu da za ka nuna a ciki. Muka kawo gida muka kunna. Mama tana tsince shinkafa, ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Muryarki ce, Auta, amma ban gan ki a ciki ba." Waƙar tana nan cikin kwamfutata, ba mu taɓa sakinta ba. Kuɗin shekara guda da rabi suka tafi. Na ba ta haƙuri a daren, ta ce, "Ba komai, Yaya, yanzu dai mun san hanyar da ba tamu ba."

Ya kamata a ce na fi haka sani, don gabanmu akwai waɗanda suka share hanya. Mawaƙin bishara Panam Percy Paul ya daɗe yana saka Hausa cikin waƙoƙinsa daga Jos, Solomon Lange kuma na ji Yarbawa da Inyamurai suna rera Hausarsa a coci-cocin Legas ba su san fassarar rabinta ba. Tsoro ne ya rufe mani ido.

Da muka koma kan Hausa sai aikin gaske ya fara, kuma wannan ne ɓangaren da na fi so masu tasowa su ji, don ba a cika faɗarsa ba. Salon sol yana son jan murya, a kama gaɓa ɗaya a yi ta lanƙwasa ta sama da ƙasa. Turanci yana jure wannan, ka ja kalma yadda kake so tana nan da ma'anarta. Hausa ba ta yarda. Akwai wasali dogo, akwai gajere, akwai kuma hawa da saukar murya, kowanne yana iya canza magana. A baitin farko Auta ta ce ta shigo gari ba ta san kowa ba, ta ja farkon kalmar don daɗin kari, sai garin zama ya koma garin tuwo. Wanda ya fi wannan shi ne amshi. Ta rubuta, "Ka ɗauke mani wuya, ya Uba," tana nufin wahala. Amma karin ya sauko ƙasa a ƙarshen kalmar, kuma duk mai jin Hausa ya san in muryar ta faɗi a nan, wuyan da ke riƙe da kai ake nufi. Mu biyu mun yi sati muna rerawa ba mu lura ba, don mun san abin da muke nufi. Mama ce ta tsayar da mu daga bakin murhu, ta ce a sake. Ta ce addu'a ce wannan, ba a roƙon Allah da baki biyu.

Wanda ya warware mana matsalar wani dattijo ne a layinmu, malamin allo, Bakano, wanda ke rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. Auta ta je ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa abin da ke damunta. Bai tambaye ta me ya sa waƙar coci ba, ya san gidanmu shekara ashirin. Ya ce ta karanto baitin da baki kamar magana, ba kari. Ta karanto. Yana sauraro yana buga yatsa a kan tabarma, wani bugun da nauyi, wani sama-sama. Ya ce, "'Yata, kowace gaɓa da nauyinta. Mai nauyi za ki iya zama a kanta, marar nauyi taka ta za ki yi ki wuce. In kika zauna kan marar nauyi, ta karye." Haka marubuta waƙar Hausa ke auna baiti tun da can, da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, mu da muka yi boko a Legas ba wanda ya taɓa koya mana.

Muka sayi littafin rubutu mai layi. Kowane baiti Auta ta rubuta shi gaɓa-gaɓa, ta ja layi ƙarƙashin masu nauyi, ta sa 'yar kibiya inda murya ke hawa da inda take sauka. Sai muka gano Hausa ta tanadar wa mai jan murya wurare da yawa, yawancinsu a ƙarshen kalma: ceto, salama, Ubangiji, rai. A nan za ta iya sakin murya ta lanƙwasa yadda ranta ke so, kalmar ba ta motsa. A amshin kuma ba ta canza kalmar ba, karin ta canza, ta ɗaga shi sama a ƙarshen "wuya", kuma wannan ɗagawar ce yau mutane suka fi riƙewa a waƙar. Wata huɗu muka yi a kan baiti uku da amshi ɗaya. Wani lokaci har sha biyun dare, ni da jita a hankali don kada mu ta da maƙwabta, ita da biro a baki.

Kafin mu koma situdiyo sai da muka bi ta wajen dattawan ikilisiya, don Baba ya ce ba za a ji 'yarsa a waya ba kafin shugabanninta su ji ta. Aka zauna bayan sujada. Ta rera. Wani dattijo ya ce shi jan muryar nan bai kwanta masa ba, ya yi kama da na gidajen rawa. Ban ji daɗin maganar ba, amma na fahimci inda ta fito, don mutanen zamaninsu sun ga yaran da suka fara daga bencin mawaƙa suka ƙare inda ba a so. Baba Fasto bai yi gardama da kowa ba. Ya dubi Auta ya ce, "In kin gama waƙar nan, wa kike so mutane su tafi suna tunani?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wanda na roƙa a cikinta, Baba." Ya sa mata sharaɗi ɗaya, kada ta bar koyon waƙa na mako, kuma in ta zo ta zauna inda ta saba zama. Aka yi mata addu'a.

Situdiyo na biyu a wajen Ikeja yake, ɗaki biyu a bayan wani gida, bango lulluɓe da soso. Mai shi Bayarbe ne, yana buga fiyano a cocinsu, ba ya jin Hausa ko kaɗan, da broka muke magana. Na zaɓe shi don da na kunna masa tsohon bidiyon jarka bai ce a gyara komai ba, tambaya ya yi, mene ne wannan da ke bugawa a ƙasa. Na ce jarka ce ta tsaya a madadin tulu. Ya ce to a kawo tulun. Muka kama lokacin dare, daga goma zuwa asuba, don ya fi araha kuma unguwa ta yi shiru.

An hana acaba a Ikeja tun watan Yuni na 2022, ga shi tulu ba abin da za a cusa a danfo ba ne, sai na ɗauki shatar ƙaramar mota. Mama ta naɗe tulun da zani biyu ta rungume shi a cinya kamar jariri, kowane rami direba ya faɗa sai ta ce, "Sannu dai, ɗana, a hankali." Mata uku daga Zumunta suka biyo mu, ƙaramarsu ta haura hamsin, ba wadda ta taɓa shiga irin wannan wuri. Da suka ga soso a bango ɗaya ta taɓa ta ce ashe katifa ake liƙawa.

Mai situdiyo ya kafa makirufo ɗaya dab da bakin tulun, wani kuma can nesa kaɗan don ya kama amon ɗakin. Ya sa wa Mama abin ji a kunne, ya kunna mata wani ƙyas-ƙyas da kwamfuta ke yi don a daidaita bugu. Mama ta gwada sau uku, hannunta yana rigima da na'urar, bugun ya fito a sandare. Ta cire abin daga kunne ta ce, "Ɗana, shekara talatin ina buga abin nan, ba a taɓa ƙirga mani ba." Na fassara masa. Ya yi shiru, sannan ya kashe ƙyas-ƙyas ɗin ya ce Mama ta buga yadda take bugawa ran Lahadi, shi zai bi ta. Wannan shawarar ta ƙara masa aiki sosai, don duk abin da zai ɗora daga baya da hannu zai buga shi yana bin numfashin tsohuwa, ba dama ya yanko ya liƙa. Amma ita ce ta ba waƙar rai. In ka saurara da kyau za ka ji bugun yana ɗan sauri in an zo amshi, ya lafa in an koma baiti, kamar yadda taro ke yi.

Duk lokacin da za a ɗauka sai a kashe na'urar sanyaya ɗaki don ƙararta, janareta kuma an ja shi can ƙarshen gida an kewaye shi da buhuna. Zafi ya yi zafi. Matan nan suka tsaya a kewaye da makirufo ɗaya, gumi yana zuba, suna amshi, ɗaya ta riƙe kacau-kacau a tsumma don kada ya yi ƙara kafin lokacinsa. Aka ɗauki tulu da amshi tare, sannan fiyano, sannan jitata. Muryar Auta ce ta ƙarshe, wajen ƙarfe uku na dare. Ta yi sau shida, kowanne daidai, amma ba wanda ya kai na ranar jarka. Ta gaji, ta fara tsoron makirufo. Sai Mama ta tashi daga inda take gyangyaɗi, ta shiga ɗakin ɗauka ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ba ta ce komai ba. Aka kashe fitila. Na bakwai shi ne wanda ke cikin waƙar. A baiti na uku muryarta ta ɗan karye a kan wata kalma, ta so a sake, mai situdiyo ya girgiza kai ya ce ko an biya shi ba zai goge wannan ba. Da muka fito ana kiran sallar asuba.

Haɗa sautin ya ci mako uku. Abin da ya ba mu wahala shi ne tulun. A manyan sifikun situdiyo yana girgiza ɗaki, amma da na tura a ƙaramar waya sai ya ɓace ɗungurungum, don sifikar waya ba ta iya fitar da amo mai zurfi haka. Mutanenmu kuwa a waya za su ji. Na koma na faɗa masa, ya ɗago ƙarar dukan soso a bakin tulun, wannan "ɗab" ɗin da ke sama, yadda ko waya ta haɗiye zurfin kunne zai gane akwai tulu. Na gwada a wayoyi wajen goma a shagona, na gwada a motar wani abokina, na gwada a sifikun coci ranar Asabar da ba kowa.

Sai takardu. Wata lauya a ikilisiyarmu ta zaunar da mu ta ce kafin waƙa ta fita a rubuta wa ya rubuta kalmomi, wa ya yi kari, wa ya mallaki sautin da aka ɗauka, kowa ya sa hannu, har matan Zumunta. Ta ce haƙƙin mallaka yana tabbata ne tun ranar da aka rubuta ko aka ɗauki waƙa, amma takarda ce ke hana rigima, kuma a watan Maris na 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka da ta shafi abin da ake sakawa a intanet. Amfanin zaman ya fito da wuri. Wani mai shirya taruka ya ji waƙar wajen mai situdiyo, ya kira ni ya ce zai ɗauki nauyin bidiyo da talla. Da takardarsa ta zo, lauyar ta nuna mana layin da ya ce duk abin da Auta za ta rera na shekaru masu zuwa nasa ne. Kuɗin da ya ambata sun fi abin da nake samu a wata shida, kuma a lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, ko na mota da ƙyar muke samu. Na kwana biyu ina juyi. Auta ce ta ce, "Yaya, muryar ba tawa ba ce balle in sayar." Na kira shi na ba shi haƙuri.

Saka waƙa a manhajoji ba kai tsaye ake yi ba, sai ta hannun kamfanin rarrabawa, shi zai kai ta Spotify, Boomplay, Audiomack da sauransu, ya kuma ba ta lambar shaida ta duniya da ake bin sawun saurare da ita. Suna son sautin asali marar matsi, da hoton bango murabba'i mai kyau, da sunayen duk masu haƙƙi. Da dala ake biya, a lokacin kuma bankuna sun toshe sayayyar waje da katin naira, sai wani ɗan cocinmu da ke karatu a Ingila ya biya mana muka ba iyayensa naira. Wajen cike fom na tsaya na tabbatar an rubuta harshen waƙar Hausa, na kuma nace a bar ƙ da ɗ da lanƙwasarsu a sunan waƙar ko da wasu wayoyi za su nuna akwati a wurin. Muka ba da tazarar mako uku, ta fita ana saura kwana kaɗan Ista.

Spotify ya shigo Najeriya tun 2021, amma na san inda mutanenmu ke samun waƙa. Na ɗauki kwamfuta na zaga wajen masu tura waƙoƙi a waya, na Agege, na Mile 12, na Idi-Araba, na ba su kyauta na ce duk wanda ya zo tura waƙa a haɗa masa da ita. Wasu abokaina sun ce na yi asara. Ni kuwa na san mai gadi da ke kwana a bakin ƙofa a Lekki ba zai sayi data don sauraro ba, amma in tana cikin memorinsa zai ji ta sau ɗari, kuma shi ne zai gaya wa matarsa a Zonkwa.

Haka kuwa aka yi. Gayyata ta fara zuwa daga sassan Hausa na coci-coci, Obalende, barikin Ojo, Apapa, Ketu, sai bukukuwan aure. Abin da ake ba ta kuɗin mota ake kiransa, wani lokaci ya wuce na motar, wani lokaci bai kai ba, musamman bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023. Kuɗin manhajoji kuwa sai bayan wata uku suka fara shigowa, kuma na farko bai cika tankin janaretan situdiyo ba. YouTube ma ba ya fara biyan kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, mun daɗe kafin mu kai. Har yau Auta tana koyarwa, da safe tana gaban allo. Akwai ƙarshen makon da ta yi taro uku a jere muryarta ta dushe ɗif, likita ya hana ta magana kwana goma, daga nan na koyi cewa a'a, ko da mai gayyatar fasto ne.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta farko da wani babban cocin Yarbawa ya kira ta. Na leƙa zauren na ga dubban mutane, na tabbata masu jin Hausa a ciki ba su fi masu gadin ƙofa ba. Tsohon tsoron nan ya dawo mani, na ce mata ko za ta haɗa da wata ta Turanci. Ta ce a'a. Ta hau, ta faɗi ma'anar amshin cikin jimla ɗaya da Turanci, ta koya masu shi sau biyu, sannan Mama ta saki tulu. Kafin baiti na biyu zauren gaba ɗaya yana amsawa, suna ɗaga muryar a ƙarshen "wuya" daidai inda ta ɗaga. Can bakin ƙofa na hango wani mai gadi cikin kaki ya cire hula ya rufe fuska da ita.

A watan Disamba muka je The Experience, taron waƙoƙin bishara na kwana da ake yi a Legas tun 2006, a dandalin Tafawa Balewa. Cikin 'yan kallo muka tsaya, can baya, tun dare har gari ya waye. Baba da ya ji inda za mu ya ce filin sunan mutumin jiharmu yake ɗauke da shi, mu tsaya da kyau. Auta ba ta ce komai game da dandamalin ba, ni ma ban ce ba. A motar dawowa, muna kan gadar Third Mainland rana tana fitowa, na ji tana gunguni a hankali, ta ciro littafin nan mai layi daga jaka ta fara jan layi ƙarƙashin gaɓoɓi.

Yanzu waƙoƙi huɗu ke waje, ta biyar tana wajen haɗa sauti. Ran Talata tana benci na biyu a coci, inda ta saba. Makon jiya aka kira daga Jos, wani taron mata, suna son ta zo da masu amshinta. Wannan ne karo na farko da za ta rera a Arewa, ita da aka haifa a Agege ba ta taɓa wuce Abuja ba. Motar safe za mu bi ran Alhamis, mun sayi kujera ɗaya ta musamman don tulu. Jiya da dare Hajiya ta ƙwanƙwasa ƙofa ta miƙo leda cike da dambun nama, ta ce na hanya ne, kuma a gaya wa zabiyarmu kada ta sha ruwan sanyi in ta isa, Jos ba Legas ba ce. Mama na zaune a tabarma tana sake ɗinke soson bugu, don tsohon ya fara yagewa a gefe.